Taura Biyu Ba Ta Taunuwa, Ko a Wasannin Intanet

A wani shagon wasan gem da ke Aboabo, a nan Kumasi, na tarar da samari biyu sun tsare mai shagon suna neman ya mayar musu da kuɗinsu. Wasan da suke bugawa ta intanet ya tsaya cak ana tsakiyar fafatawa, ya jefo su waje, kuma da suka samu suka koma sai suka tarar an rubuta musu faɗuwa. Ɗayansu yana ta maimaita cewa, "Yaya, netwok ɗinka ne ba kyau." Mai shagon bai tsaya musu da su ba. Ya ja su zuwa talabijin na gefe, inda wasu yara ke buga wani wasan daban a kan layin intanet ɗaya, yana tafiya sumul babu ko tangarɗa. Ya ce, "Ga wuta, ga netwok. Tun da aka yi wa wannan wasan sabuntawar ƙarshe haka yake yi mini, kuma kullum ni ake zagi." Duk da haka sai da ya zaro kuɗin ya ba su, don kada ya rasa masu zuwa gobe.

Abin ya daɗe yana ci mini rai, domin a duk wannan sa-in-sa babu wanda ya ambaci kamfanin da ya yi wasan, alhali shi ya saki sabuntawar, kuma aljihunsa kuɗin 'yan wasa ke shiga kowace rana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mun saba ɗora kowace matsala a kan netwok, ko ɗauke wuta, ko tsufan waya, har mun manta cewa a ɗaya ƙarshen layin akwai mutanen da ya kamata a ce suna zaune suna kula da wasan, kuma sau da yawa mutanen nan ba sa wurin, an kwashe su zuwa wani aikin.

Matsayina shi ne, raba ma'aikata tsakanin wasan da ke raye da sabon aikin da ake ginawa yana daga cikin manyan abubuwan da ke lalata wasannin intanet, kuma kamfanin da ya yi hakan a ɓoye alhali kantinsa na cikin wasa yana buɗe ya ci amanar waɗanda suka biya shi. Kowane kamfani yana da 'yancin fara sabon aiki. Sai dai wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: ko dai a bar wa wasan isassun mutane, ko a fito a faɗi gaskiya a rage abin da ake karɓa.

Wasan da ba a gama shi

A zamanin faifan PlayStation 2, wasa kan fito gamamme. An buga shi a faifai, an rufe, masu yin sa su wuce aiki na gaba, kuma tafiyarsu ba ta rage wa mai saye komai. Wasan intanet ya fi kama da rumfar mai sayar da waakye, wadda tukunyar jiya ba ta ciyar da masu layin yau, dole a hura wuta kowace asuba. Idan mai rumfar ta buɗe reshe a Kejetia, ta ɗauke babbar mai girkinta da mai haɗa miya ta kai can, allon sunan yana nan, farashin yana nan, amma wanda ya saba ci zai ji bambanci tun a loma ta farko.

A bayan kowane wasa irin wannan akwai masu kula da sabobi, wato manyan kwamfutocin da 'yan wasa ke haɗuwa a kansu, akwai masu farautar 'yan maguɗi waɗanda kullum ke fito da sabuwar dabara, akwai masu daidaita ƙarfin makamai ko na 'yan ƙwallo don kada wani ɓangare ya rinjayi kowa, akwai masu gwada kowace sabuntawa kafin a sake ta, sannan ga masu amsa koken wanda aka cire wa kuɗi amma kayan da ya saya bai iso ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka da ake gamawa a huta.

Abin da ke tafiya tare da mutum

Manajan da ke duba takarda yana ganin lamba ce kawai: muna da mutum ɗari, a ɗauke talatin, saba'in sun isa. Amma ba kowane talatin ake ɗauka ba. Sabon aiki yana buƙatar waɗanda suka fi kowa ƙwarewa, saboda su za su aza harsashi, don haka su ake fara zaɓa. Su ne kuma mutanen da suka san dalilin da ya sa aka rubuta wani sashe na manhajar a karkace shekara biyar da suka wuce, suka san cewa idan an taɓa tsarin haɗa abokan karawa to tsarin ƙididdigar maki zai birkice. Irin wannan sani ba a cika rubuta shi ba, a kan mutum yake zaune. Ranar da ya tashi, wanda ya gaje shi zai ɗauki mako yana neman matsalar da shi zai gano cikin sa'a ɗaya, kuma yana iya gyara abu ɗaya ya ɓata biyu ba tare da ya sani ba.

Akwai wata dabarar da ta fi wannan yaudara, wato a ce ba a ɗauke kowa ba, an dai raba lokacinsa ne, rabi nan rabi can. A lissafin takarda rabi da rabi ɗaya ne. A wurin aiki kuwa mutum zai halarci taron ɓangarori biyu, ya amsa wa shugabanni biyu, kuma duk lokacin da ya bar wannan ya koma wancan sai ya ɓata lokaci kafin hankalinsa ya dawo inda ya tsaya. Sannan ayyukan biyu ba su da daraja ɗaya a idon masu kamfani. Sabon yana da ranar fitowa da aka yi wa masu zuba jari alkawari, tsohon kuwa yana tafiya, saboda haka duk ranar da buƙatun biyu suka yi karo sabon ne ke yin nasara. Tsohon ba ya samun kulawa sai gobara ta tashi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne tsarin da ake bi wajen ragewa. Ba a taɓa kanti, domin daga nan kuɗi ke shigowa, kuma zana sabuwar riga ko sabon launin bindiga aiki ne da za a iya ba wa wani kamfanin kwangila. Abin da ido ba ya gani ake ragewa: gwaji, yaƙi da maguɗi, da gyaran ƙananan kurakurai. Shi ya sa wasa zai yi kamar yana cike da rai, kowane mako da sabon abin saye, alhali kuskuren da aka yi ta kuka a kansa tun bara yana nan inda yake.

Kamfanonin da kansu sun faɗa

Wannan magana ba zato ba ce, masu abin sun amsa da bakinsu. Kamfanin Blizzard ya fito da Overwatch a 2016, kuma ya riƙa ƙara sababbin jarumai a kai a kai. A Nuwamban 2019 ya sanar da Overwatch 2. Jarumar ƙarshe da aka ƙara wa tsohon wasan, Echo, ta fito a Afrilun 2020, daga nan sai aka shafe kusan shekara biyu da rabi babu sabon jarumi, har sai da sabon wasan ya fito a Oktoban 2022, kuma a mafi yawan wannan lokaci ana ci gaba da sayar da akwatunan sa'a, waɗanda mai saye ba ya sanin abin da ke ciki sai ya buɗe, a cikin tsohon. Babban dalilin da aka bayar na wannan dogon shiru shi ne ana gina wani katafaren sashe na labari da 'yan wasa za su buga tare. A Mayun 2023 kamfanin ya sanar da cewa ya soke ginshiƙin wannan sashen. An yunwatar da wasan da ke hannu saboda wanda ke tafe, na tafen kuma bai iso yadda aka yi alkawari ba.

Kamfanin Bungie, mai wasan Destiny 2, wanda Sony ta saya a 2022 kan dala biliyan 3.6, ya sallami ma'aikata 220 a Yulin 2024. A bayanin da shugabansa na lokacin, Pete Parsons, ya fitar, ya amsa cewa sun buɗe sababbin ayyuka da dama a lokaci guda, suka ɗora manyan ƙwararrunsu a kan kowanne, har ƙarfinsu ya tarwatse ya gaza. Ma'aikatan da suka rasa abincinsu ba su suka yanke wannan shawarar ba, haka ma 'yan wasan da suka biya kuɗin ƙarin sashen da kamfanin ya yarda bai kai ingancin da ake tsammani ba.

Titanfall kuwa ya nuna abin da ke faruwa idan aka bar gida babu mai gadi. Bayan Apex Legends ya samu karɓuwa, hankalin kamfanin Respawn ya koma kansa, masu kutse kuma suka addabi sabobin Titanfall har mutane suka kasa shiga wasan da suka saya da kuɗinsu. A 2021 wani jami'in kamfanin mai hulɗa da 'yan wasa ya faɗa a fili cewa mutum ɗaya ko biyu ne suka rage a kan matsalar, sauran duk suna kan Apex.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na ƙwallo, domin da wuya a sami shagon gem a Asawase ko Sawaba da bai san wasan ƙwallo na PES ba. A 2020 kamfanin Konami ya sanar da cewa PES 2021 zai kasance sabunta sunayen 'yan wasa da ƙungiyoyi ne kawai, a farashi mai rahusa, saboda ma'aikata sun koma gina sabon wasa a kan sabon inji, wato manhajar da ake gina wasa a kanta. A wannan gaɓar ya kyauta, tunda ya faɗa kuma ya rage kuɗi. Amma da sabon wasan, eFootball 2022, ya fito a ƙarshen Satumban 2021, fuskokin 'yan ƙwallo a karkace, gudunsu abin dariya, sai da kamfanin ya nemi afuwa, kuma cikakken gyaran bai iso ba sai Afrilun 2022. Masoya wasan sun yi haƙurin shekara guda da ɗan abin da aka ba su, sannan suka ƙara fiye da wata shida suna jiran a gyara wanda aka ce saboda shi suka yi haƙurin.

"Ai netwok ɗinmu ne"

Wannan ita ce hujjar da za a fara kawo mini, kuma tana da ƙamshin gaskiya. Duk wanda ke Ghana a ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse, ya san cewa matsalarmu ta layi ba ƙirƙira ba ce. Yawancin manyan wasanni ba su da saba a Afirka ta Yamma, saƙon da ya fito daga wayar yaro a Kumasi sai ya je Turai ko Afirka ta Kudu ya dawo.

Sai dai wannan hujjar tana ƙarfafa maganata ne. Ɗan wasan da ke zaune kusa da saba, da layi mai ƙarfi da na'ura mai tsada, ba ya jin ƙaramin kuskure, ƙarfin kayansa yana rufe shi. Mu da ke nesa muna dogara ne da ƙwarewar wanda ya zauna ya tsara yadda wasan zai jure jinkiri, yadda zai mayar da mutum cikin fafatawa idan layi ya yanke na ɗan lokaci, da yadda zai bambanta wanda ya gudu da gangan da wanda aka ɗauke wa wuta. Wannan aiki ne na manyan ƙwararru, irin waɗanda ake fara kwashewa.

Haka batun waya yake. Idan masu gwaji suna da yawa, za a gwada sabuntawa a kan wayoyi iri-iri, har da Tecno da Infinix da itel da ake saye a Adum. Idan suka ragu, za a gwada a kan manyan wayoyin da masu kashe kuɗi da yawa ke riƙe da su, a bar sauran su gane wa idonsu. Matse girman sabuntawa ma aiki ne mai cin lokaci. Inda babu mai yin sa sai a turo ta da nauyinta, wanda ke da intanet mara iyaka a gida ba zai ko lura ba, yaron da ke sayen data ta sidi biyar ko goma kuwa ya ga kuɗin makonsa ya tafi kafin ya buga wasa ɗaya. Duk lokacin da aka rage hannu a can, mu ne farkon masu ji a jika, kuma mu ne na ƙarshe a jerin waɗanda za a saurara, saboda kasonmu a lissafin kuɗin shigarsu kaɗan ne.

"Dole kamfani ya duba gobensa"

Gaskiya ne. Babu wasan da ke dawwama, kuma kamfanin da ya zauna a kan wasa ɗaya har ya tsufa zai mutu tare da shi. Su kansu ma'aikatan mutane ne, wanda ya yi shekara bakwai yana gyara abu ɗaya yana da haƙƙin ya so sabon abu, kuma idan aka hana shi zai bar kamfanin gaba ɗaya. Ban raina wannan ba.

Tambayar ita ce yadda ake yin sa, kuma akwai waɗanda suka nuna ana iya yi da mutunci. Lokacin da Fortnite ya samu gagarumar karɓuwa a ƙarshen 2017, kamfanin Epic Games ya ga ba zai iya riƙe shi tare da wasansa Paragon ba. Ya sanar, ya rufe Paragon a Afrilun 2018, ya kuma mayar wa 'yan wasa kuɗin da suka kashe a ciki. Masoya wasan sun ji zafi, amma ba a ci gaba da tatsar su a kan gawa ba. A Disambar 2023 kamfanin Naughty Dog ya soke wasan intanet na The Last of Us da ya daɗe yana ginawa, ya ce ya fahimci cewa ciyar da irin wannan wasa bayan fitowarsa zai cinye ƙarfin kamfanin gaba ɗaya na shekaru, har ya hana shi yin sauran wasanninsa. Ya yi asarar aikin shekaru, amma ya tsaya kafin ya karɓi ko kwabo daga hannun kowa. A ganina wannan ita ce shawara mafi nauyi kuma mafi daraja a cikin duk waɗanda na ambata.

Ko Rockstar, da ya sanar a Yulin 2022 cewa yana mayar da ƙarfinsa kan sabon Grand Theft Auto kuma Red Dead Online ba zai ƙara samun manyan sabuntawa ba, ya sa 'yan wasa sun san inda suka tsaya, duk da cewa sanarwar ta zo ne bayan dogon shiru da ya fusata su har suka shirya wa wasan jana'iza a cikinsa.

Mai musu zai iya kawo Final Fantasy XIV a matsayin shaidar cewa rabuwa na iya yin kyau. Wasan ya fito a 2010 a lalace, kamfanin Square Enix ya ɗora Naoki Yoshida a kansa, aka ci gaba da gyara tsohon yayin da ake gina sabo daga tushe, sabon ya fito a Agustan 2013 ya kuma yi nasara. To amma a duba sharuɗɗan da aka cika. Kamfanin ya nemi afuwa a fili, ya dakatar da karɓar kuɗin wata-wata fiye da shekara guda, ayyukan biyu suna ƙarƙashin mutum ɗaya, kuma dukansu wasa ɗaya da 'yan wasa ɗaya suke yi wa hidima. Wanda zai kafa hujja da sakamakon, sai ya yarda da tsadar da aka biya kafin a kai gare shi.

"To, a ƙara ɗaukar ma'aikata mana"

Da a ce hakan na warware matsalar da kamfanoni masu biliyoyin daloli ba su faɗa cikinta ba. Tun a 1975 Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani babban aikin manhaja a kamfanin IBM, ya bayyana cewa ƙara mutane a kan aikin manhaja da ya makara yana ƙara masa makara ne. Sabon ma'aikaci sai an koya masa, kuma mai koyarwar shi ne ƙwararren da dama aiki ya yi masa yawa. Sannan yawan mutane yana ninka wahalar fahimtar juna: tsakanin mutum 5 akwai hanyoyin magana 10, tsakanin mutum 20 akwai 190, tsakanin mutum 50 kuwa 1,225.

Saboda haka ɗaukar sababbi yana amfani ne idan an yi shi tun da wuri, aka bar su suka zauna da tsofaffin hannu wata da watanni kafin a ɗauke kowa. Cike kujerar da ta riga ta zama fanko yana gyara lambar da ke takarda, amma ba ya dawo da sanin da ya fita.

"Ai kyauta ne, kuma wasa ne kawai"

Wannan ita ce maganar da dattawanmu za su yi, kuma na san da kyakkyawar niyya suke yin ta, domin da yawansu sun fi son yaran su ajiye wayar gaba ɗaya. Amma kiran waɗannan wasanni kyauta bai dace da abin da ke faruwa ba. Saukewa ce kyauta. Bayan ta akwai data, akwai tikitin kakar wasa da ake sabuntawa, wanda ke buɗe wa mai shi kyaututtukan cikin wasa na ɗan lokaci, akwai kuɗin cikin wasa da samari ke saye ta MoMo a wajen dillalai, a farashin da ke bin dala, ga wanda ke samun kuɗinsa da sidi. Wanda ya sayi tikitin wata biyu ko uku ya saye shi ne bisa fahimtar cewa wasan zai yi aiki a tsawon wannan lokacin. Ko wanda bai taɓa biyan komai ba yana da amfani ga kamfanin, tunda shi ke cika fili, shi ke sa mai biya ya sami abokin karawa cikin daƙiƙa kaɗan.

Kuma a unguwanninmu abin ya wuce nishaɗi. Akwai mai shagon da ya ci bashi ya sayi na'urori da talabijin, yana biyan haya da kuɗin wuta daga abin da yara ke biya. Akwai matasan da ke shiga gasa suna fatan a san da su. Idan wasan da shagon ya dogara da shi ya lalace, cinikin ranar ne ya tafi.

Mu da muka tashi a Zango, a cikin ciniki da fatauci, an karantar da mu tun muna yara cewa mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, kuma cinikin da aka ɓoye aibi a cikinsa ba shi da albarka. Ban ga dalilin da zai sa mu riƙe mai sayar da waya a Adum da wannan ƙa'ida, mu yafe wa kamfanin da ya fi shi ƙarfi sau dubbai ba. Kamfanin da ya san ya kwashe masu gyara, ya san koke zai daɗe ba a amsa ba, amma ya ci gaba da tallata tikitin kaka mai zuwa da kalmomin da ya saba, ya ɓoye aibin da ya sani.

A Turai an fara ɗaga murya. Bayan Ubisoft ya rufe sabobin The Crew a 2024, har waɗanda suka sayi wasan suka kasa buga shi, an ƙaddamar da gangamin neman doka, kuma a Yulin 2025 masu sa hannu a takardar koken da aka nufi Tarayyar Turai da ita suka haura miliyan ɗaya. Wannan gangami yana magana ne a kan ranar da aka kashe wasa. Abin da ya fi damuna shi ne doguwar jinyar da ke gabanta, shekara ɗaya ko biyu da wasa ke raye a suna, ana karɓar kuɗi, ba a kula da shi, kuma babu wata sanarwa da mutum zai riƙe ya ce ga ranar da aka yi watsi da mu.

Namu na gida

Maganar ta shafi masu tasowa a nan ma. Ghana tana da masu yin wasanni, kuma Leti Arts da Eyram Tawia ya kafa tare da Wesley Kirinya na Kenya a 2009 yana cikin na farko-farko a wannan yanki. Ina fatan ganin yaran Zango a wannan fage, daga Kumasi har Nima da Madina. Ƙaramin kamfani mai mutum biyar ko shida ba shi da zaɓin da manya ke da shi, dole ya karɓi aikin kwangila don ya biya albashi, kuma ranar da kwangila ta shigo kowa zai koma kanta. A irin wannan hali ba na ganin laifin kowa. Shawarata gare su ita ce kada su yi alkawarin wasan da ke buƙatar ciyarwa kullum alhali babu mutum ko ɗaya da za su iya keɓe masa. Ƙaramin wasa gamamme, wanda ke aiki ko babu intanet, ya fi dacewa da ƙarfinsu da kuma wayoyin mutanensu.

Mu 'yan wasa da iyayen da ke biya kuwa, babu wata hukuma da za ta tilasta wa kamfanin da ke Amurka ko Japan ya gaya mana mutum nawa ya bari a kan wasansa, amma alamun ba sa ɓoyuwa. Kafin a sayi tikitin kaka mai zuwa, a buɗe bayanin sabuntawa uku ko huɗu na baya, a duba nawa ne gyara nawa ne kayan sayarwa. A duba ko kuskuren da aka yi kuka a kansa watannin baya yana nan, ko 'yan maguɗi sun ƙaru, ko kamfanin ya sanar da wani sabon babban aiki. Idan waɗannan suka haɗu, a sayi na wata ɗaya maimakon na dogon lokaci, ko a dakata har a ga gyara. Mai shago kuma kada ya zuba jarinsa duka a kan wasa ɗaya, ya ajiye waɗanda ake bugawa ba tare da intanet ba a kan wasu na'urorin.